Zaren Kaset a Gonakin Hatsi

Shugaban wannan taro, mai girma magajin gari, wakilin mai martaba sarki, malaman addini na masallaci da na coci, shugabannin ƙungiyoyin manoma da makiyaya, iyayenmu mata, ƴan'uwa da kuka taso daga Matankari, daga Dogon Kiriya, daga Geceme, da ku mutanen Dogon Dutsi masu masaukin baƙi, assalamu alaikum.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali ya san ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, in na kama magana sai an ja mini riga. Ina gode muku da kuka bar gonaki a lokacin da hatsi ya kusa nuna, kowa hankalinsa na kan tsuntsu. Ga wanda bai san ni ba, sunana Abdussalamu, amma a gari Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Ban zo da batun taki ko iri ba. Na zo da roƙo ne a madadin maƙwabcina Istifanus, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, ga shi can zaune ya sunkuyar da kai.

Magana ta farko ita ce ku san abin da mutumin nan ya tara. Tun muna samari Istifanus yake son kiɗan wasu Turawa masu dogon gashi, kiɗan da ake kira rok, mai kukan jita da dukan ganga kamar ana rushe gini. Sunan makaɗan ma harshena bai taɓa iya ɗaukarsa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka ni ne shaida. Na yi ƙorafi, na yi fushi, na kai ƙara wurin mahaifiyarsa tana da rai, duk a banza. Akwai shekarar da wata tsohuwa ta tsaya ƙofar shagonsa ta saurara, ta ce, "Ɗan nan, in doguwa ce ka aje a akwati, ka hiɗi a san abin yi." Har gobe ni ban ce kiɗan nan yana mini daɗi ba, kuma ba zan faɗa ba don ina gaban manya.

Amma zama ya sa na fahimci wani abu. Istifanus bai damu da kaset ɗin kanti mai hoto a bango ba, ko da yake yana da su. Abin da yake bi shi ne wasan da makaɗan suka yi gaban jama'a, wanda wani daga cikin ƴan kallo ya ɗauka da ƙaramin rakoda a ɓoye. Ya ce mini kowane wasa da kamarsa: yau mai jita ya ja kiɗa ya yi nisa, gobe muryar mawaƙin ta dishe, jibi ruwa ya tarwatsa taron. Na ce masa, "Ashe kamar kokawa ne, ba a yin karo biyu iri ɗaya." Ya ce, "Yau dai ka yi magana, Mushe." Ta hannun direbobi ya same su, ta hannun ɗalibai da masu aikin mishan, har kwalaye suka cika ɗaki.

Magana ta biyu ita ce abin da ya faru bana. Istifanus ya tafi Yamai aka yi masa aikin ido, ya daɗe can. Kafin tafiyarsa, ɗiyarsa Sylvie ta riga ta kwashe yawancin kiɗan ta zuba a katin waya. Ana nan sai Ɗantani, abokin arzikinsu na Matankari, ya zo gidan. Kun san yadda muke yi: in hatsi ya fitar da kai, mukan zare tsohon kaset mu ɗaura zaren daga kara zuwa kara, rana ta haska shi, iska ta kaɗa shi, tsuntsu ya ji tsoro. Ɗantani ya roƙi tsofaffin kaset, kuma a ƙasar nan ba a hana mutum abin korar tsuntsu. Marguerite, uwargidan Istifanus, ta shiga ɗaki ta duba. Ta bar masu hoto da ƙyalli, don a ganinta su ne masu daraja. Ta ɗauko wani kwali na can ƙasa, wanda kaset ɗinsa ba hoto ba ado, ta miƙa masa da zuciya ɗaya. Shi kuma Ɗantani bai riƙe shi kaɗai ba, ya raba wa dangi da maƙwabta, wasu suka kai Dogon Kiriya, wasu suka gangara da shi har Geceme.

Ina so ku ji ni da kyau: Marguerite ba ta yi laifi ba, Ɗantani bai yi laifi ba, wanda ya karɓa ya ɗaura bai yi laifi ba. Kowannensu abin da aka san mutumin kirki da shi ya yi. Sai dai kwalin nan shi ne wanda Sylvie ba ta kai ga kwashewa ba, domin uban ya ce zaren ya tsufa, a bari sai ya dawo ya tsaya a kai da kansa.

A cikin kwalin akwai kaset guda da ya sa na tsaya gabanku. Dattawan da ke nan za su tuna Éphraïm, wan Istifanus, wanda ya tafi Faransa koyon gyaran injin. Ya san ƙanensa na son makaɗan nan, sai ya je wasansu da rakoda cikin rigar sanyi, ya ɗauko masa. A tsakiyar wasan, da kiɗa ya lafa, sai ka ji murya cikin hayaniyar Turawa tana Hausar Arewa: "Istifanus, kana jiya? Ga mutanen naka nan, wallahi sun hi ka hauka. Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina nan tahe bayan damana." Kaset ya iso Dogon Dutsi, mai shi bai iso ba. Hatsarin mota ya rutsa da shi, can aka binne shi, ba wanda ya taɓa ganin kabarinsa a cikinmu. Na sha jin muryar nan ta kan katanga, kuma duk ranar da na ji ta ba na ƙorafi. Mahaifiyarsu, wadda ba ta iya jure kiɗan, takan zauna ta haƙura da rugugin har a zo wurin, ta amsa gaisuwar, sannan ta tashi.

Yau muryar nan tana rataye a gonar ɗayanku, rana na dukanta. Istifanus ya ce in an sauke zaren da wuri, zai iya naɗe shi ya liƙa inda ya tsinke, ko da rabi a tsira da shi. In aka bari har girbi, rana ta gama cinye shi. Kuma da zarar an zare kaset, ba mai iya gane wannan daga wancan da ido, shi ya sa roƙon ya shafi kowa.

Magana ta uku ita ce abin da muke nema. Duk wanda zaren gonarsa ya fito daga hannun Ɗantani, ko daga hannun wanda ya karɓa wurinsa, ya taimaka ya kwance shi da safe kafin rana ta yi zafi. Kada a fizga, kada a yanka. A naɗe shi a hankali a jikin kara, a rufe da tsumma, a ba direban da ke zuwa kasuwa ya kawo shagon Istifanus. Kada kunya ta hana kowa, ba wanda za a tambaya yaya aka yi.

Na san abin da ke ranku, domin ni ma ina da gona. Kuna cewa, in mun kwance zare, wa zai tsare mana hatsi? Da na kai wa Istifanus shawarar yin wannan roƙo, abin da ya fara faɗa ke nan. Ya ce, "Mushe, ba ni cire wa mutane abinci daga baki don muryar mamaci." Yau da safe sai na ga amalanke a ƙofar gidansa, yana ɗora kwalaye, Marguerite na taya shi tana share hawaye. Ga kwalayen can bakin ƙofar zauren nan. Duk abin da ya tara ne tun yana saurayi, bai rage ko ɗaya ba. Ya ce kowa ya ɗiba gwargwadon gonarsa tun yanzu, ya zare, ya ɗaura, kada hatsin kowa ya kwana ba tsaro. Na ce masa, "Istifanus, kiɗan yana katin waya, na sani, amma waɗannan fa su ne ka bi shekara da shekaru." Ya ce, "Makaɗan nan suna da masu tuna su a duniya duka. Yayana ni kaɗai gare shi."

Allah ya tsare mana amfanin gona daga tsuntsu da fara. Allah ya sa mu girbe lafiya, mu ci lafiya. Allah ya ƙara mana zumunci tsakanin manomi da makiyayi, tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma nufi wanda abin ke gonarsa da kwance shi gobe da safe.

Na gode.