Gwiwoyin Sodangi

Raliya: Alo? Sodangi? Ɗaga murya, layin Amurka sai ƙara yake.

Sodangi: Yaya Raliya, salamu alaikum. Ina gajiya?

Raliya: Ba gajiya. Ya sanyin ƙasar?

Sodangi: Da godiya. Ya Iya? Ya yara? Ya hawasha, gonar tamu, an cire auduga?

Raliya: Duk kwayyis. Tun safe nike zaune a bosta, gidan wayar Rusairis, ina jiranka, Abdussalami mai waya har ya gaji da ganina. Yaushe za ka iso?

Sodangi: To, shi ne dai...

Raliya: Samarin garinmu Suki sun share fili, sun kafa raga, sun sa mai suna Filin Sodangi. Sun ɗinka maka riga mai lamba tara. Wai kai za ka ci gon na farko.

Sodangi: Yaya, ba irin kwallon nan ba ce.

Raliya: Mi?

Sodangi: Na ce ba ita ba ce! Ta Amurkawa ce, ta ɗauka a hannu da ture-ture. Shekara tara ina wasa, ban taɓa kwallo ba.

Raliya: Ba ka taɓa ba? To mi sunka ɗauke ka yi? Injiniyan dam ɗin nan da ya tafi da kai cewa ya yi kwallo zai kai ka.

Sodangi: Ya gan ni da buhu biyu a kafaɗa ne. Aikina tsayuwa. Mai kwallon na bayana, ƙarti su taso kansa, ni in tare su da ƙirji.

Raliya: Yani dogari?

Sodangi: Kusan haka. Shi aka ɗauka hoto, ni aka ɗauka a makara zuwa asibiti.

Raliya: Subhanallahi, bar faɗin makara.

Sodangi: Gwiwoyin sun ƙare, Yaya. An yanka sau huɗu. A kujera nike salla, da sanda nike tafiya. Ƙungiyar ta sallame ni tun bara.

Raliya: Bara? Duk wasiƙunka lafiya lau, lafiya lau?

Sodangi: Shi ya sa na ce ko in dakata tukuna. Iya ta sallami ƙato mai ɗaga amalanke daga laka. Ba na son ta gan ni ina jan ƙafa a tasha. Kunya nike ji, wallahi.

Raliya: Filin fa?

Sodangi: Su canza suna.

Raliya: Su bar shi yadda yake. Wanda ya tsare wani shekara tara bai cancanci fili ba? Kai dai ka zo.

Sodangi: Ki ce ma Iya sai baɗi.

Raliya: Ba na faɗi. Abdussalami, minti ɗaya, don Allah! Sodangi, kana ji? Iya ba za ta ga sandarka ba.

Sodangi: Kamar yaya?

Raliya: Idonta ya rufe tun damina biyu. Duk wanda ya yi sallama da babbar murya sai ta miƙe, ta ce kai ne.

Sodangi: Damina biyu? Kuma ba wanda ya rubuto mani?

Raliya: Kai ka rubuto mana gwiwa?

Sodangi: Yaya... ki ce mata jirgin ranar...

Raliya: Wace rana? Alo? Sodangi, wace rana?