Ƙashin Gyara

A layin mahauta na kasuwar Kurmi, shekara biyu da isowar jirgin ƙasa, na tsaya bayan wata tsohuwa Babarbariya da ta sayi naman anini biyu. Ban yi niyyar saurare ba, amma ga abin da na ji.

"Ina gyarana?"

"Gyara a naman anini biyu? Haba Iya! Tun da jirgi ya zo, ko ƙashi sai da kuɗi a garin nan."

"To wancan da ka tura ƙarƙashin ganye fa? Makauniya ka ɗauke ni?"

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Wa ya ce maka saya zan yi? Jikoki huɗu gare ni. Ƙashi mai ɓargo kwana uku yake yi mini: yau kuka, gobe kuɓewa, jibi in fasa su tsotse. Shekara talatin ba mahaucin da ya taɓa hana ni gyara, sai kai, marowaci!"

"Kwana uku kawai? A gidana huɗu yake yi!"

"Gidan mahauci?"

"Naman na maigidana ne, ni yanka kaɗai nake yi. Rabon 'ya'yana da tsoka tun Babbar Sallah. Ƙashin nan shi ne rabona na yau."

Tsohuwa ta nuna ƙashin.

"To ɗauko gatari mana, ka tsaya kana kallona! Kuma a tsaye za ka tsaga, kada ɓargon ya tafi gefe ɗaya."

Ya tsaga yana tsaki. Ta juya ɓarin biyu, ta ɗauki ƙaramin, ta wuce tana ci gaba da faɗa.