Ziyara Ɗaya Nake Bin Ta

An tashi daga kallo, wata tsohuwa ta samu gefen benci a tashar bas ta gaban gidan sinima, kusa da wani magidanci da ke latsa waya.

"Iya, kin ji masu sharhi a jarida? Wai babu fim kamarsa bana. Mata biyu kan tabarma, ba kiɗa, ba faɗa. Su yi salla, su yi shiru. Ni har gyangyaɗi na yi."

"Na ji minsharinka, ɗan nan. Ni ce a bayanka."

"To ke me kika gani a ciki?"

"Na ga doguwar ta je gidan gajerar, gajerar ta rama, haka suka yi ta yi. A ƙarshe doguwar ta je, ta dawo ta zauna tana kallon ƙofa, sai aka kunna mana fitila. Masu jaridar sun faɗi wadda ake bi ziyara?"

"Cewa suka yi ƙofar nan jiran rahamar Allah ce."

Tsohuwa ta gyara mayafinta.

"Rahamar Allah ba ta makara. Ƙawa take jira. Haka muke da tawa tun muna amare. Ni na je ƙarshe, kafin ta rama aka aiko min da rasuwarta."

"Allah ya jiƙanta. Ai sai ki yafe mata, Iya."

"Na yafe mata komai, har tukunyata da ta fasa. Ban da wannan. In na yafe, me zai sa ta neme ni a can?"