Nasma, Ruwa da Babbar Rigar Shugaba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Alƙahira, Ustaz Lawal, Allah Ya ƙara wa rigarka faɗi. Sakatarenmu Malam Harun, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Uwarmu shugabar mata, Hajiya Azara. Malamanmu masu digiri a hannu da masu digiri a hanya. 'Yan kasuwa da suka taso daga Faisal, da ma'aikata da suka taso daga Dokki. Ɗalibai na nan Hay el-Sabi' da suka zo don jawabi, da waɗanda suka zo don shinkafa: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yakuba, mutumin Damagaram. Shekarata tara ina aikin sayis a wata bargar dawakin gasa a bayan gari. A Misira sayis suna biyu ya tara: mai kula da doki, da mai tsaron motoci a bakin titi. Shi ya sa ranar da na fara zuwa taron nan na faɗi sana'ata, wani babban mutum da ke zaune a teburin gaba ya miƙo mini makullin motarsa. Na gode masa, domin shi ne mutum na farko a ƙungiyar nan da ya amince mini da wani abu.

Ina godiya da kuka kira taron nan saboda ni da goɗiyar da nake horarwa, Nasma. Ina godiya da kuka yi hayar motoci biyu don ku raka mu gasa ranar Asabar mai zuwa. An ce in yi muku bayanin yadda ake kula da doki irin nata, don rakiyar bana ta fi ta baya tsari. To, ga bayani.

Na farko, ku san wace ce Nasma. Ita ba dokin ado ba ce. Gasar da take shiga kwana uku ake yi. Ran farko tafiyar ladabi ce a filin yashi, alƙalai suna duban kowane taku. Rana ta biyu tsallaken sanduna ne, waɗanda kofato ya taɓa sai su faɗi. Rana ta uku ita ce mai wuyar: gudu a fili, a tsallake gungumen itace, a tsallake rami, a faɗa kududdufin ruwa a fita ta ɗaya gefen. Wannan gungumen ba ya faɗuwa. In an yi kuskure, doki da mahayi ne suke faɗuwa.

Allah Ya ba ta ƙafa, Ya ba ta zuciya, sai Ya haɗa mata da kunne. Leda in ta motsa a ƙarshen barga, ta ji. In na canza mata sa'ar cin barsim, wato ciyawar nan da Misirawa ke nomawa, cikinta ya ɓaci. In na shigo da fushi a raina, ko ban yi magana ba, sai ta juya mini baya. Ba a sa mata ƙaimi, ba a nuna mata bulala, linzaminta ma da yatsu biyu ake riƙe shi. Da Hausa nake mata magana, kuma kalma ɗaya ta fi sani: sannu. Malamanmu sun san cewa a Larabci, sayis da siyasa tushensu ɗaya, wato lallashin dabba har ta bi ka da son ranta. Mu muka riƙe lallashin. Ku kuka ɗauki sunan kuka tafi da shi taro.

Na biyu, ku tuna abin da ya faru wata huɗu da suka wuce, domin na karanta rahoton sakatare na ga ya manta da rabin labarin. Kun zo kallo ku talatin. Ban gayyace ku ba, ƙauna ce ta gayyace ku, kuma na yaba. Kun sha shadda mai sitaci, wadda ake jin ƙararta tun kafin a ga mai ita. Filin nan faɗinsa ya fi unguwar nan, amma duk faɗin nan babu inda ya yi muku sai bakin ruwa, daidai inda doki ke buƙatar hankalinsa gaba ɗaya. Na taho da gudu na ce, «Ranka ya daɗe, ku ɗan ja baya.» Shugaba ya dafa kafaɗata ya ce, «Yakuba, kwantar da hankalinka, mu da doki tun kakanni.»

Ga Nasma ta taho, Arwa a kanta, 'yar mai dokin, wadda ta shekara biyu tana shirin wannan rana. Saura taku uku ta faɗa ruwa, Malam Harun ya cika ƙirji ya ce, «Takbir!» Ku talatin kuka amsa. Hajiya ta rangaɗa guɗa. Shi kuma Shugaba, da ya ga abin ya yi armashi, sai ya ɗaga hannu biyu zai aza hannun riga a kafaɗa, riga ta buɗe ta tare rabin sama. Nasma ta turje wuri ɗaya. Arwa ba ta turje ba, ta wuce ta saman kanta ta shiga ruwan ita kaɗai.

Kada wani ya fita ya ce Yakuba ya zargi takbiri. Allah Ya tsare ni. Ko a masallaci, in liman yana karatu ba ka ƙwala masa shi a kunne. An cire mu daga gasa. Shugaba ya ce, «Ma'alish, ƙaddara ce.» Sakatare ya rubuta cewa kambun baka ne ya kama goɗiyar. A nan kam na yarda da shi, baki ne, kuma na ga bakunan da idona.

Ga abin da ba ku gani ba, domin kun tafi neman inda za ku ci abinci. Mahaifin Arwa ya same ni a barga ya ce, «Ya Yakuba, gasa ɗaya ta rage mata. In ta sake ƙin ruwa, khalas, shi ke nan, zan sayar da ita ga masu ɗaukar baƙi a gindin dalar Fir'auna.» Duk wanda ya je can ya san yadda wasu dawakin wurin suke: rana a ka, bulala a baya, gyambo a ƙarƙashin sirdi. Goɗiyar da motsin leda ke hana ta cin abinci ba za ta shekara a wurin ba. Ranar nan na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan.

Na uku, yadda aka yi gyara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Nasma ta dawo ko bokitin shanta sai ta yi masa kallon abokin gaba. Na fara da jiƙa ƙasa a bakin ƙofarta. Sati biyu kafin ta taka. Daga nan kwatami mai zurfin yatsa, daga nan mai kai idon sawu, ni a gaba da wando a naɗe, ita a baya tana huci, ina sannu, sannu. Ran da ta ƙi, ba na jan ragama. Sai in tsaya, ita ma ta tsaya, mu ga wanda zai gaji. Akwai ranar da muka yi tsayuwar nan daga hantsi har azahar.

Sai maganar riga. Na ɗauko babbar rigata ta Sallah, ita ke nan gare ni, na sa aka dama mata sitaci, na rataye ta a kan sanda a bakin ruwan horo, na zuba karas a aljihu. Kwana goma tana zagaye ta daga nesa. Rana ta sha ɗaya yunwar karas ta fi tsoro ƙarfi. Misirawan barga suka sa wa rigar suna Rayyis, wato Shugaba, ba da bakina ba. Yanzu ko iska ta buɗe Rayyis gaba ɗaya, Nasma sai ta laluba aljihunsa ta wuce abinta, kamar dai yadda wasu 'yan kwamiti suka daɗe da iyawa.

Riga ɗaya na iya saba mata da ita. Riga talatin da guɗa da muryar Malam Harun, wannan linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Da na ji kun ce bana mota biyu za ku cika, har da kalangu, na je na sami Shugaba na roƙe shi. Ya ce, «Kunya ce ke damunka, ɗan'uwa ba ya hana ɗan'uwa zumunci.» Ana ga doki, kuna ga ƙura.

Na huɗu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran Larabar da ta wuce Malam Harun ya kira ni a waya ya ce, «Wace rana ce ta gudun ruwa?» Na ce, «Asabar.» Ya ce, «Asabar ta sama ke nan?» Na ce, «Allah Ya kai mu.» Ga malamai nan zaune, su yi mini hukunci: ina ƙaryar take? Addu'a na yi, kuma har yanzu ina kan bakana, Allah Ya kai mu Asabar ta sama lafiya. Amma gasar, jiya aka gama ta.

Malam Harun, zauna, ban ƙarasa ba.

Jiya da hantsi na tsaya a bakin ruwan nan, daidai inda kuka tsaya. Babu abin da ake ji sai kofato. Ta taho, saura taku uku na ga kunnenta ya motsa. Arwa ta sunkuya ta faɗa mata kalmar da na koya mata, kalmar Hausa ɗaya tak da ta iya. Nasma ta faɗa ruwan, ta keta shi, ta fita ta ɗaya gefen. Ta biyar ta zo, ba kofi, ba hoto a jarida. Mahaifin Arwa ya shafa wuyanta ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Na yi kuka, ban ji kunya ba. Da na share ido na waiga bayan igiyar 'yan kallo, ina neman wanda zan ce wa «ka gani?» da harshen uwata. Babu Bahaushe ko ɗaya. Ni na kore ku, kuma da za a sake, zan sake. Amma wallahi na so a ce kuna wurin. Shekara tara ina jiran ranar da mutanena za su ga aikina ya yi kyau, da ranar ta zo, sai da na ɓoye muku ita kafin ta yi kyau. Wannan ku tafi da shi gida ku juya shi.

Allah Ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka kira shi. Allah Ya ba ɗalibanmu nasara, Ya buɗa wa 'yan kasuwarmu, Ya mayar da mu ga iyayenmu lafiya. Allah Ya ba shugabanninmu tausayin abin da aka ba su kiwo. Allah Ya sa ƙaunarmu ta zama mai amfani ga wanda muke ƙauna, Ya koya mana yin shiru a inda shiru ne taimako. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, ni na riga na yafe.

Na gode.