Ɗakin da Ya Kwana a Rufe

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Issaka, daga zangon Salaga.

Ina da ɗan masauki da na gada daga babana. Bara na sa ɗakunan a hannun wani kamfanin intanet, su kawo baƙo, su cire kasonsu. Sharaɗinsu kuwa, ɗakin da aka kama ta waya ba a ba wani.

Ran kasuwa sai ga Alhaji Seidu daga Bawku, aminin babana, wanda tun ina yaro gidanmu yake sauka in ya zo sayen doya. Ɗaki ɗaya ya rage, shi ma an kama. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, na mai waya ne." Ya ce, "Ba komai, ɗana." Ya ɗauki jakarsa ya nufi masallaci.

Mai wayar bai zo ba. Ɗakin ya kwana a rufe, tsoho ya kwana a tabarma.

Makon jiya Alhaji ya aiko mini buhun albasa, ya ce a gaishe masa da baƙona.

Jama'a, albasar nan ta ƙi ciwuwa. Ku ba ni shawara, da wane ido zan je Bawku?