An Naɗe Mini Suya da Littafina

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Sadiya ce daga Mile One, Fatakwal, kuma raina a ɓace yake.

Littafin Hausa a nan sai an yi sautu daga Kano. Ƙanena direban motar albasa ya kawo mini labarin wasu tagwaye da suka rabu a tasha. Ina tsaka da karantawa na yaba wa maƙwabciyata, ta nace sai na ara mata. Jiya na sayi suya wajen mijinta, sai ga shafin littafina jiƙe da mai da yaji! Wai takardar naɗe suya ce ta ƙare masa. Ko haƙuri babu!

Masu sauraro, ku nemi littafin, amma kada ku ba da aro. Wanda ya kai ƙarshe, don Allah, tagwayen sun haɗu?