Sun Jefa Mu Teku da Goyo a Baya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Garba mai sayar da ruwa, daga Tandabawi a nan Makka.

Na daɗe ina jiran igama, wato takardar zama, don in kawo iyalina, har haƙurina ya ƙare. Sai na tsallaka zuwa Sudan inda na bar iyalin, na ɗauko matata Hajara da jaririyarmu, muka shiga jirgin ruwan 'yan fasa-ƙwauri. Da hantsi mun fara hango gaɓar Saudiyya, sai matuƙan suka ga jirgin 'yan sintiri. Nan take suka rufe mu da duka, suna ihu, "Yalla, kowa ya faɗa ruwa!"

Hajara ta ce, "Ku ji tsoron Allah, goyo gare ni!" Wani ya kafta mata filafili a ka, jini ya wanke mata fuska. Na shaƙe shi, 'yan'uwansa suka karya mini haƙarƙari, suka jefa mu teku. Da ƙyar na fito da su a raye.

Yanzu raunin Hajara ya ruɓe, zazzaɓi ya ƙi sauka. In na kai ta asibiti za a nemi takarda, ga shi ba mu da ita, a kore mu. Jama'a, in kai ta, ko in ci gaba da ɓoye ta? Ku taimaka mini da shawara tun tana numfashi.